Babi na Bakwai: Mai Labari da Mai Izini

Fim ɗin tarihin rayuwa shi ne wanda ake ɗaukar mutumin da ya rayu a zahiri, mai suna da asali da zuriya, a ba wani ɗan wasa rigarsa da muryarsa, sannan a tattara abin da ya same shi cikin awa biyu ko uku yadda zai zama labari mai farko da ƙarshe. Ya bambanta da fim ɗin bayani, wato wanda ake haɗawa da hotunan ainihi da hirar shaidun gani da ido, domin a nan komai kwaikwayo ne. Ya kuma bambanta da ƙagaggen labarin da aka ɗora a kan wani zamani da ya shuɗe, domin ba marubuci ne ya ƙirƙiro tauraronsa ba. Daga wannan bambanci na biyu ne duk wahalarsa ta taso. Mutumin da aka ƙaga ba shi da 'ya'yan da za su garzaya kotu, ba shi da masarautar da za ta ce an taɓa martabarta, ba shi kuma da abokan gaba da ke jiran su ga ko an wanke shi. Mutumin tarihi kuwa yana da duk waɗannan, saboda haka kafin a kai ga tambayar ko fim ya faɗi gaskiya, akwai tambayar izini da ke gabanta: wa ya yarda a yi, wa ya zuba kuɗi, wa ya ba da aron dawaki da kaki, wa kuma ke da ƙarfin hanawa. Jihar Neja, wadda aka ƙirƙiro a 1976 aka mai da Minna hedikwatarta, wuri ne da ya dace a duba wannan tambaya, domin ƙasarta ta haɗa sarauniyar da tarihinta ya cakuɗe da almara, da sarkin yaƙin da jikokinsa ke kan gado, da tsohon shugaban ƙasar da aka yi fim ɗinsa yana raye.

Kafin a zo gida, yana da amfani a leƙa kudancin Indiya. Mai kallo Bahaushe ya saba kiran duk fim ɗin da ya fito daga can da suna ɗaya, ɗan Indiya, alhali waɗanda suka cika gidajen sinima na Kano da Kaduna da Jos tun shekarun 1960 galibinsu na harshen Hindi ne daga Bombay, sai a baya-bayan nan da masu fassara irin su Algaita suka kawo na kudu cikin muryar Hausa. Ɗaya daga cikin manyan masana'antun kudun ita ce ta harshen Tamil, mai cibiya a Madras, birnin da yanzu ake kira Chennai, a jihar Tamil Nadu mai mutane fiye da miliyan 70. A wannan jiha fim da siyasa tare suka girma, ta yadda manyan ministocinta huɗu, wato Annadurai da Karunanidhi da M. G. Ramachandran da Jayalalithaa, duk daga rubutun fim ko fitowa a cikinsa suka hau mulki, kuma ƙungiyar siyasar da ta haife su ta gina kanta ne a kan kishin harshen Tamil da ƙin danniyar Hindi. A irin wannan yanayi, fim ɗin wani gwarzo na da aiki ne na al'umma mai neman ta nuna wa kanta da maƙwabtanta cewa tana da magabata.

Misalin da ya fi shahara shi ne Veerapandiya Kattabomman na 1959, wanda B. R. Panthulu ya ba da umarni, Sivaji Ganesan ya fito a matsayin tauraro. Kattabomman na ainihi ƙaramin basarake ne a Panchalankurichi, wanda ya yi taurin kai kan harajin Kamfanin Gabashin Indiya, wato kamfanin cinikin Ingila da ya riƙa mulkin ƙasar kafin gwamnatin Ingila ta karɓa, har aka kama shi aka rataye shi a Kayathar a watan Oktoba na 1799. Zuciyar fim ɗin tana wuri ɗaya ne, inda basaraken ke tsaye gaban Bature mai karɓar haraji, Jackson, ya ƙi sunkuyar da kai, yana jero masa tambayoyi cikin Tamil mai kaifi da kari kan wace gona ya taɓa nomawa a ƙasar da har zai nemi rabo daga amfaninta. Babu wanda ya rubuta abin da mutanen biyu suka faɗa wa juna da irin wannan tsari. Marubucin wasan ne ya ƙera jawabin, amma shi yaran makaranta suka haddace suna maimaitawa a gasar magana, har fuskar Sivaji ta zama ita ce fuskar Kattabomman a idon jama'a. Fim ɗin ya samo wa Sivaji kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin fina-finan Afirka da Asiya da aka yi a Alƙahira a 1960, daga baya kuma shi da kansa ya kafa gunkin tunawa a wurin da aka yi ratayar. Ba kowa ya yarda ba: wasu marubutan Tamil sun ce mutumin asalinsa daga masu harshen Telugu ne, wasu suka ce ɗan fashi ne da aka yi wa kwalliya, kuma a shekarar ta 1959 mawaƙi Kannadasan ya fito da Sivagangai Seemai don ɗaukaka 'yan'uwan Marudhu a matsayin gwarazan da suka fi cancanta. Abin lura shi ne da fim aka mayar wa fim martani. Bayan shekara biyu Panthulu da Sivaji suka sake haɗuwa a Kappalottiya Thamizhan, tarihin V. O. Chidambaram Pillai, lauyan da ya kafa kamfanin jiragen ruwa a 1906 don ya yi gogayya da na Turawa, sai dai wannan, da ya fi kusa da takardun tarihi, bai yi kasuwa ba a fitowarsa ta farko. A 2007 kuma gwamnatin jihar ta fito fili ta tallafa da kuɗi aka yi Periyar, tarihin uban ƙungiyar da ke riƙe da mulki a lokacin.

A Arewacin Nijeriya ma an fara da hannun gwamnati. Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda duk da cewa ƙagagge ne ya nuna cewa ana iya tayar da ayari da kasuwar bayi da zauren malami na ƙarni na 19 cikin Hausa tsantsa. Fim ɗin ya ɓace shekaru da dama kafin a gano faifansa a Legas, a gyara shi a Jamus, a nuna shi a bikin fina-finai na Barlin a 2018. Halilu ya biyo da Kanta of Kebbi a ƙarshen shekarun 1970, Sule Umar kuma ya yi Maitatsine a 1989 kan Muhammadu Marwa da tarzomar Kano ta Disambar 1980. Da bidiyo ya karɓi fage daga Turmin Danya na 1990, sai harkar ta koma hannun 'yan kasuwa masu ƙaramin jari, waɗanda soyayya da waƙa da rikicin kishiyoyi suka fi saurin dawo musu da kuɗinsu.

Ana yawan tsayawa a kan batun kuɗi idan ana bayanin ƙarancin fina-finan tarihin rayuwa a Kannywood, amma kuɗi rabin bayani ne kawai. Kayan da ake buƙata don a tayar da zamanin sarakuna, wato dawakai masu lifidi da 'yan sulke da kakaki da tambari da alkyabba da soron da aka yi wa zane, ba a shago ake hayarsu ba. A fada suke, suna fitowa ranar hawan salla su koma, kuma wanda ya ba da aronsu ba zai zuba ido a yi amfani da su wajen tona asirin kakansa ba. Sannan akwai nauyin addini, wanda ya fi na fada. Sivaji Ganesan ya fito a matsayin abin bautar Hindu a Thiruvilaiyadal na 1965 jama'a suka yi ta tururuwa, domin al'adarsu ta saba da siffanta abin da take girmamawa. A ƙasar Hausa kuwa, ɗan wasan da aka gani jiya yana rawa da budurwa a bakin ruwa, in aka naɗa masa rawani yau aka ce shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ko Muhammadu Bello, ba sai Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ta ce uffan ba. Masu kallo da malamai za su riga ta.

Wannan ya sa waɗanda suka fi sauƙin ɗauka su ne waɗanda suka yi nisa ƙwarai, kamar Amina ta Zazzau. Abin da aka sani game da ita a rubuce kaɗan ne, kuma bai jitu ba. Tarihin Kano, wato kundin jerin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci, ya sa ta a zamanin Sarki Dauda a farkon ƙarni na 15, ya kuma ce Sarkin Nufe ya aika mata da babanni 40 da goro 10,000. Muhammadu Bello ya ambace ta a Infaƙul Maisuri. Wasu ruwayoyin kuma sun mai da ita 'yar Bakwa Turunku a ƙarni na 16, suka ce ta rasu a Atagara kusa da Ida. Wani babban kaso na abin da ake faɗa game da ita ya biyo ta jihar Neja ne, domin sarakunan Haɓe na Zazzau da jihadi ya kora daga Zariya a farkon ƙarni na 19, ƙarƙashin Muhammadu Makau, kudu suka yi, ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da ya koma Suleja bayan babban birnin tarayya ya karɓi sunan, kuma har yau sarkinsa Sarkin Zazzau ake kiransa. A can ne Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta tarihin gidan da Hausa, aka buga fassararsa ta Turanci a 1952.

Fim ɗin Amina da Izu Ojukwu ya ba da umarni, wanda ya fito a Netflix a watan Nuwamba na 2021, Lucy Ameh ta fito a matsayin sarauniyar, Ali Nuhu kuma yana cikin 'yan wasan, ya cike wannan giɓi da abin da kasuwar duniya ta saba saya: yarinyar da ta ƙi zaman ɗaki ta koyi takobi, makircin fada, soyayya da ramuwar gayya. Ya sami karɓuwa a wajen masu ba da kyaututtuka a Legas, amma masu kallo da yawa a Arewa sun yi ƙorafi kan sutura da ɗabi'un fada, musamman kan cewa da Turanci mutanen Zazzau ke magana. Ƙorafin sutura yana da rauni, domin babu wanda ke da hoton yadda matan fadar Turunku ke ɗaura zane shekara 500 da suka wuce, kuma mai neman ya ga Amina cikin lulluɓin da ya saba gani a yau shi ma nasa zamanin yake ɗora mata. Ƙorafin harshe ne mai ƙarfi. Fadar Hausa da magana take tafiya: da kirari, da amshin fadawa bayan sarki ya yi furuci, da yadda talaka ke zubewa ya yi gaisuwa ba tare da ya ɗaga ido ba, da habaicin da ake yi wa basarake a gabansa ya kasa kamawa. In aka cire wannan, abin da ya rage shi ne mutane cikin manyan riguna suna faɗa da takubba, wanda ana iya ɗauka a kowace ƙasa. Irin haka ta taɓa faruwa da Sarauniya Mangu ta Lugu, a yankin Dogonduci na Nijar, wadda ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899: Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya yi fim ɗinta a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani, amma da aikin ya gagara a Nijar sai aka ɗauke shi a Burkina Faso, sarauniyar Azna ta koma magana da Jula, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin fina-finan FESPACO na Wagadugu a 1987.

Idan aka matso kusa da zamani, sai matsalar ta juye: bayani ya yi yawa, masu shi kuma suna nan. Ibrahim Nagwamatse, Sarkin Sudan na Kontagora, ɗan Umaru Nagwamatse ne wanda ya kafa garin, jinin Shehu ɗan Fodiyo ta wajen Sarkin Musulmi Atiku, kuma rayuwarsa tana da duk abin da mai fim ke nema: hare-hare, faɗuwar Kontagora a hannun sojojin Turawa na Lugga a farkon 1901, gudu, kamu, sannan maido shi kan gadonsa a 1903. Bello Kagara, wan Abubakar Imam, ya riga ya shigar da shi adabi a Ganɗoki, ɗaya daga cikin littattafan gasar rubutun Hausa ta 1933, amma ya yi dabarar ba wa ƙagaggen jarumi ragamar labarin, ya bar sarkin a gefe, daga baya ma ya kwashe jarumin zuwa duniyar aljanu. Dabarar tana da dalili. Mutumin da ake yi wa kirari a Kontagora a matsayin wanda ya ƙi miƙa wuya ga Nasara, shi ne wanda Gwari da Kambari da Kamuku ke tunawa a matsayin mai kama bayi, wanda ya sa kakanninsu suka koma zama kan duwatsu, kuma Minna kanta ƙasar Gwari ce. Kattabomman yana da abokin gaba ɗaya, Bature, wanda ya tattara ya koma gida a 1947, don haka duk mai kallo a Madras yana iya tsayawa bayan gwarzon. Mai kallon fim ɗin Nagwamatse a Minna zai iya kasancewa jikan mahayin dokin ne, na kusa da shi kuma jikan wanda aka ɗaure a bayan dokin.

Fim ɗin tarihin rayuwa da ya shafi Minna kai tsaye shi ne Badamasi: Portrait of a General, na Obi Emelonye, wanda aka fara nunawa a Landan a watan Yuni na 2021 bayan an ɗage fitowarsa daga ƙarshen 2019, Enyinna Nwigwe ya fito a matsayin Janar Ibrahim Badamasi Babangida, tare da 'yan wasan Arewa irin su Sani Danja da Yakubu Mohammed. An haifi Babangida a Minna ranar 17 ga Agusta, 1941, ya tashi maraya, ya yi sakandare a Bida aji ɗaya da Abdulsalami Abubakar da Mamman Vatsa, ya shiga soja a 1962, aka harbe shi a fagen yaƙin basasa a 1969, sunansa ya fito lokacin murƙushe juyin mulkin Dimka a Fabrairun 1976, ya karɓi mulki ranar 27 ga Agusta, 1985, ya sauka a Agustan 1993 bayan soke zaɓen 12 ga Yuni. Mai fim ɗin bai ɓoye cewa da amincewar janar ɗin da hirarraki da shi aka gina labarin ba, kuma wannan amincewa ita ce ƙarfin fim ɗin, ita ce kuma iyakarsa. Ta buɗe ƙofar abin da ba a samu a jarida, kamar maraicin ƙuruciya da zaman aure da abin da mutum ya ce ya ji a ransa a daren yanke hukunci. Amma Hausawa da suka ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi ba su ce ta fi gaskiya ba, kuma tsarin irin wannan fim da kansa yana karkata ga tauraro, domin wanda aka nuna yana yaro ba uwa ba uba, aka nuna shi kwance cikin jini a bakin daga, kafin a kai ga ranar da ya sa hannu a takarda mai nauyi, mai kallo ya riga ya zama nasa.

Takardun masu nauyi kuwa suna da yawa a wannan mulki na shekara takwas: shirin gyaran tattalin arziki na 1986 da ya karya darajar naira, kisan ɗan jarida Dele Giwa da bam ɗin wasiƙa ranar 19 ga Oktoba, 1986, wanda har yau ba a hukunta kowa a kansa ba, yunƙurin juyin mulkin Orkar na Afrilun 1990 da harbe-harben da suka biyo baya. Wanda ya fi taɓa jihar Neja shi ne na Manjo Janar Mamman Vatsa, mawaƙi a rubuce, ministan babban birnin tarayya, abokin Babangida tun ƙuruciya, wanda aka harbe ranar 5 ga Maris, 1986 tare da wasu hafsoshi bisa tuhumar shirya juyin mulki, danginsa kuma ba su taɓa yarda da tuhumar ba. A Fabrairun 2025, kusan shekara huɗu bayan fim ɗin, Babangida ya ƙaddamar da littafin tarihin rayuwarsa, A Journey in Service, a Abuja, inda ya amince cewa Moshood Abiola ne ya ci zaɓen 1993, ya ɗauki alhakin abin da ya faru a matsayinsa na shugaba, amma ya danganta sokewar da wasu hafsoshi ƙarƙashin Janar Sani Abacha; iyalan Abacha suka musanta, dangin Vatsa ma suka sake tayar da nasu ƙorafin. Ke nan ko labarin da mai shi ya ba da izini bai tsaya wuri ɗaya ba, yana sauyawa gwargwadon abin da mai shi ya shirya faɗa a kowane lokaci da kuma waɗanda suka rage a raye don su mayar masa da martani.

A Madras, waɗanda ba su yarda da Kattabomman ba sun sami jari da 'yan wasa da gidajen sinima suka fito da nasu gwarazan cikin shekarar. Wanda zai yi fim ɗin Vatsa daga ɓangaren iyalinsa zai buƙaci bariki da kaki da motocin soja na shekarun 1980 da bayanan kotun soja da ta yi shari'ar a asirce, kuma duk waɗannan suna hannun hukuma guda. Ko Izu Ojukwu, da ya yi '76 a kan juyin mulkin Dimka da ƙagaggen hafsa a matsayin tauraro, sai da rundunar soja ta duba rubutun ta amince kafin ta buɗe masa barikin Mokola a Ibadan, fim ɗin bai fito ba sai 2016, shekara 40 bayan kisan Janar Murtala Muhammed a wannan juyin mulki.